Yarinyar da Aka Hana Dariya

A layin jarrabawar shiga ajin 'yan shekara huɗu, a wata makarantar masu hazaƙa da ke Dhaka, babban birnin Bangladesh, idon Tahmina ya ƙi barin matar da ke gabanta. Sarinta sabo ne fil, takalmin kuwa ya sha ɗinki. Tana ƙanƙame da takardar haihuwa kamar za a ƙwace mata. Da gani, ta daɗe tana mafarkin wannan ƙofa.

'Yar matar na karanta allon sanarwa ƙasa-ƙasa, ba gargada, amma baki a tsuke.

"Apa, shekarunta nawa?" in ji Tahmina, tana kiran matar yaya da harshensu.

"Huɗu cif! Baiwa ce daga Allah."

Rafsan, ɗan Tahmina, ya yi wa yarinyar gwalo. Ta fashe da dariya, sai ga giɓi, haƙoran gaba biyu babu. Uwar ta yi wuf ta rufe mata baki da gefen sari.

Famfara a shekara huɗu? Gurbi ashirin ne kacal, ga ofis nan kusa. Har Tahmina ta miƙe za ta kai ƙara, sai ta tuna takardar Rafsan da aka zabtare wa shekara, da haƙorinsa da ya fara girgiɗa jiya. Ta koma ta zauna.

"Kai ma rufe bakinka," ta ce masa.