Tagar da Baba Ya Ƙi Rufewa

Yayata ce ta tsaya mini aka ba ni aikin. Ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a wajen Roni, ni kuwa ina zaune a Kazaure da takardar kwamfuta, ba aiki sai zafin kai. Na rubuta musu manhajar rajistar rigakafin yara. Duk Alhamis kwamfutar kan aika wa manhajar saƙo da kanta cewa ta buga sunayen yaran da lokacin allurarsu ya yi, sai a bi gidajensu.

Manhaja irin wannan zagaye take yi ba hutu: ta duba ko an danna wani abu, ta amsa, ta duba ko kwamfuta ta aiko saƙo, ta amsa, ta sake komawa. Ni da iyayina sai na ƙara wata 'yar taga mai fitowa a fuskar kwamfutar da safe, tana cewa "Assalamu alaikum", da maɓallin "Rufe" a ƙasanta. Muddin tagar na buɗe ana iya shigar da sunaye, amma saƙon kwamfuta sai dai ya yi layi ya jira. Na san da haka sarai. Na ce ai wa zai bar ta a buɗe.

Sati uku ba a buga komai ba. Yaya ta kira ni, murya ba daɗi. Na hau babur ina ta masifa a hanya, na zagi wutar lantarki, na zagi na'urar bugawa. Da na isa na kasa zama, na kwance wannan waya na ɗaura waccan, gumi har cikin ido. Can na hango tagar an ja ta gefe, an maƙale ta a lungu.

Na tambayi dattijon da ke riƙe da rajista: "Baba, me ya sa ba a rufe wannan?"

Ya ce, "Haba ɗana, a yi maka sallama ka ce rufe? Nakan amsa mata dai, in matsar da ita."

Na danna maɓallin, na'urar ta hau zubo takardu, na sati uku a jere. A ranar na gyara zagayen yadda saƙo zai riƙa shiga ko tagar na buɗe, aikin da bai ci minti ashirin ba. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Yaya ta tattara takardun tana bin sunaye da yatsa. A kan wani suna ta tsaya. Yarinya ce 'yar wata tara daga wani ƙauye ta wajen Gwiwa, wadda ya kamata a yi mata allurar ƙyanda tun sati uku da suka wuce, kuma tun shekaranjiya tana kwance a ɗakin baya da ƙyanda.

Na so ta yi mini faɗa, ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Taso mu je ka gaida uwarta."