Murfin Tukunyar Gwaggo

Gwaggona ta kori masu gyaran kwamin ninkaya da yawa, kuma da wuya a sami wanda ya bar gidanta babu tabo a jikinsa. Hanyar gwajinta ɗaya ce. In ma'aikaci ya ce ya gama, sai ta fito daga kicin da wani baƙin murfin tukunya, ta wulla shi wajen da ruwan ya fi zurfi, ta koma bakin tagar kicin ta leƙo. In ta hango murfin kwance a ƙasa, ka iya aiki. In ba ta hango shi ba, to ka yi ta kanka.

Kowa a dangi ya san dalili, ba dai mai faɗa. Autanta a kwamin nan ya mutu yana ɗan shekara huɗu. Ranar ruwan ya yi kore, ya yi kauri kamar miya. Aka yi ta neman yaro a titi, a gidajen maƙwabta, har bakin kasuwa, alhali yana kwance a ƙasan ruwa a tsakar gidansu. Ita kuma tana kicin a kan tukunya. Mijinta ya so a cike kwamin da ƙasa, ta fasa masa gilashin mota da taɓarya. Har ya rasu bai sake tayar da maganar ba.

Akwai wani dattijo da ya fi kowa daɗewa. Yakan zo da 'yar kwalbarsa ta gwaji, ya ɗiga magani a ruwan, ya ɗaga ya dubi launinsa, ya goge gansakukar bango, ya buɗe injin tace ruwa ya wanke. Wata rana bayan an yi ruwan sama Gwaggo ta wulla murfin, ya ɓace mata a cikin ruwan.

"Uwar ɗakina, a ba injin lokaci," in ji shi. "Ruwan lafiya lau yake, zuwa gobe zai washe."

"Gobe? Kai ka san abin da ake yi kafin gobe?"

Ta fizge sandar ragar da yake kwashe ganye da ita, ta sauke masa a baki. Ya tafi yana tofar da jini, bai ko ɗauki kwalbarsa ba.

Bayansa Dogo ya zo, saurayi mai bakin zaƙi. Zuwa ɗaya ya karance ta tsaf. Matar nan ba ruwanta da inji, ba ruwanta da gwaji, ƙasa kawai take son gani. Sai ya daina buɗe injin ma. Ya zo, ya juye magungunan wanke ruwa, kulorin da asid, ba awo, ruwa ya yi garau kamar gilashi, har tsatsar murfin ana gani daga taga. Warin yana sa mutum hawaye tun daga bakin ƙofa. Gwaggo ta ce wannan shi ne ƙamshin tsabta. Har abinci take zuba masa.

Ganin ruwan ya washe ne ya ba ta ƙarfin kiran Yaya, babbar 'yarta, wadda tun da ta haihu ta rantse 'yarta ba za ta taka gidan ba. Gwaggo ba ta taɓa riƙe jikanyar nan a ɗakinta ba sai dai a gidan suruki, kamar baƙuwa. Ta yi ta roƙo har Yaya ta sauko.

Ina nan suka zo, da hantsi. Dogo bai jima da gama aiki ba, yana naɗe tiyo. Gwaggo ta wulla murfin.

"Duba, duba da idonki! Ko allura ce ta faɗa sai kin gan ta."

"Na gani, Umma. Amma wannan warin fa?"

"Ke dai ba kya rasa magana. Zo nan, ƙawata, bar uwarki da tsoronta."

Yarinyar ta sauka matakalar kwamin, kakarta na riƙe da hannunta, ta tsoma kai tana dariya. Da ta ɗago, ihu take. Ta kasa buɗe ido, tana tari kamar za ta amayar da hanjinta, wuyanta da hammatarta sun yi jajur. Yaya ta fizgo ta, ta ruga da ita famfo.

Gwaggo ba ta bi su ba. Sandar raga ta ɗauka. Dukan farko ya sami Dogo a ƙeya, na biyu ya fasa masa gira.

"Me ka zuba? Ɗan banza, me ka zuba?"

"Abin da kike so na zuba!" Ya kama sandar, suka yi ta ja. "Kin taɓa tambayata wani abu ban da murfi? Kin taɓa?"

Ta saki sandar ta cije shi a hannu, ya hankaɗe ta, ta riƙe rigarsa, suka afka ruwan tare. Na ga Gwaggo ta danna kansa ƙasa da hannu biyu, tana kallonsa ta cikin ruwan nan mai haske, yana harba ƙafa, jinin girarsa na tashi kamar hayaƙi. Sai da na shiga na shaƙe ta ta baya ta sake shi.

Ni dai ban yarda tsaron yara take yi ba duk shekarun nan. Shaida take nema. Duk ranar da murfi ya bayyana a ƙasa, tana gaya wa kanta da ruwan haka yake a waccan ranar, da ta hango autanta daga taga, ke nan laifin ruwa ne. Shi ya sa ba ta taɓa sa wa kwamin shinge ba.

Yaya ta fito da yarinyar a naɗe cikin tawul, ba ta ko dubi wajenmu ba.

"Umma, ki zauna da ruwanki."

Idon yarinyar ya warke, amma ba a sake kawo ta ba. Gwaggo ta aika a nemo dattijon nan, ya ce a gaishe ta. Yanzu kwamin ya koma kore. Murfin yana ƙasa, ba wanda ya shiga ɗauko shi.