Takalma a Bakin Rafi

Wai wa ya ɗora wa Malam kula da 'ya'yan mutane? Har yau ban sani ba. Jiya na ga takalman jikokina a bakin ƙofa, sai hawaye. Rubuta, 'yar nan, ƙyale ni da kukana.

Tun kafin a gina dam, maigidana Malam ke jagorantar ƙungiyar samarin Tudun Kaya, don Allah kawai. In sun gama gayya a gonar wani tsoho, yakan kai su rafi wanka, amma sai iyaye sun yarda, kuma sai da wani babba tare da shi. Kowa zai jera takalmansa a kan yashi. Ba mai tafiya sai kowane takalmi ya sami ƙafa.

Wata rana na kai musu kunun tsamiya. Aka fito daga ruwa, takalman Sani ɗan maƙwabcinmu suka rage. Malam ya faɗa rafi da rigarsa, yana lalube yana salati. Ashe ja'irin yana bisa mangwaro!

"Baba, kifi kake nema?"

Ya fito sharkaf, hularsa ta bi ruwa. Ya rungume yaron yana dariya, sannan ya riƙe masa kunne har ƙofar uwarsa.

Allah ya haskaka kabarin Malam, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ranar da zai rasu, yaran nan sun cika zaure, wasunsu har da furfura. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ce musu su tafi tun da haske, iyayensu na jira."