Allurar da Sa'ida Ta Ƙi Yi

Sa'ida nas ce a ɗakin maza na wani asibiti a Shinkafi. A wata ruga kusa da Jangeru aka haife ta, kuma kawunta Hayatu ne ya rene ta bayan rasuwar mahaifinta. Shi ya tsaya kai da fata sai da ta yi karatun jinya a Gusau, dangi kuwa na ta ƙorafin ƙwaryar nono ta fi dacewa da ita.

Aikinta a fili yake. Ta auna zafin jiki da hawan jini, ta wanke miki, ta juya marar lafiyar da ba ya iya juyawa, ta ba da magani ko allura yadda likita ya rubuta. In ta ga abin da bai kwanta mata ba, ta kira likita. Amma je ka gaya wa mutanenmu haka! Su duk mai farin kaya likita ne, maganin da ba allura ba kuwa wasan yara ne.

Wata Alhamis, ranar kasuwa, sai ga Kawu Hayatu yana ɗingishi. Ƙaya ce ta soke shi wurin kiwo, ya share, har ƙafar ta kumbura ta fara wari. Ya zaro kwalbar maganin shanu daga aljihu ya miƙa mata.

"Ɗiyata, shi nika yi ma bajimina in ƙahwa tai ruwa. Hannunki ya hi nawa, tsira min in tahi."

"Kawu, wanga na bisashe na," in ji Sa'ida. "Ko na mutane na, ba ni yi sai likita ya gani ya rubuta."

"To mi anka koya miki a Gusau?"

Maganar ta yi mata zafi, ga marasa lafiya sun zuba ido. Amma tsoro ya fi zafin yawa. Ta san kawunta sarai: in ya fita, gindin bishiya zai samu ya tsira wa kansa, ƙarshenta a yanke ƙafar. Likita Femi kuma yana ɗakin tiyata. Ta aika a gaya masa, sannan ta jawo kujera.

"Ku zauna in wanke, Kawu. Wanga kam aikina na."

Ya zauna yana hura hanci. Ta durƙusa ta shiga wanki a hankali, kamar mai tsince tsakuwa a gero, sai ta tambaye shi jar saniyar nan mai karyayyen ƙaho, ko ta haihu. Ai kuwa ta taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Ya kawo labarin saniyar, da uwarta, da kakarta da aka sayo a Gurbin Bore. Tana saurare ta ɗan huda yatsansa ta auna suga, ta tarar ya hau sosai. Bai kai ga jikokin saniyar ba likita ya shigo.

Sa'ida ta faɗi abin da ta gani da abin da ta auna. Likita ya duba, ya ce an zo a kan gaɓa, ya rubuta magani ya ba shi gado. Allurar farko ita ta yi masa, ya kawar da kai. Haka ya yi ta shan ƙamshi har mikin ya kame, ita kuma kullum tana durƙushe gaban ƙafar.

Ranar sallama ta raka shi bakin ƙofa. Ya buga ƙafar a ƙasa ya ji ta daram.

"Kin ƙi ni gaban mutane," ya ce.

"Na ƙi, Kawu."

Ya sake duban ƙafar, sannan ya dube ta. "Allah shi yi miki albarka."

Ta daure har ya hau babur ya sha kwana, sannan kukan daɗi ya ƙwace mata.