Baba Direba da Balbelun Hanyar Kebbe

Jiya motar asibiti ta wuce ƙofar gidana tana jiniya, sai marigayi Baba direba ya faɗo mini a rai. Shi ke jan motar asibitin Tambuwal zamanin Jihar Arewa, lokacin ina sabon malamin asibiti. In yana tuƙi, idonsa na kan itatuwa da tsuntsaye, har da sawun da ke gefen hanya.

Wata damina muka ɗauko wani manomi daga Kebbe, maciji ya sare shi, ƙafa ta kumbura suntum. Baba ya saki mota, laka na fallatsa, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa ta taga. Muna dosar wata kwana da gero ya rufe, sai ya taka birki.

Na ce, "Haba Baba! Mutum na mutuwa, mi ya sa ka tsaya?"

Ya nuna sama da haɓa. "Ɗana, dubi balbelu. Inda suka tashi, shanu na ƙasa."

Bai rufe baki ba garke ya ɓullo, ya cika hanya maƙil, ƙaho ko'ina! Da da gudun nan muka shiga kwanar, mu ma sai an kwaso mu. Shanu na gama wucewa ya ba mota wuta yana dariya, ni kuwa sai kabbara nake. Muka isa da mutumin da ransa. Ya warke, har ya girbe geronsa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Baba, Ya sa ka ƙetare siraɗi kamar walƙiya.