Sahur ko Buɗa-baki

Mu da ke zaune bisa bencin asibitin nan na Madarunfa, masu karɓar maganin sida, yawanci murya ƙasa-ƙasa muke magana. Ban da wannan mutumin. Dogo ne, furfura ta fara cin gemunsa, ga baƙin mai a faratansa. Direban kamyo ne, ina jin, irin masu kai kaya Ɗan Issa.

Likita ta rako shi har bakin ƙofa, yana juya robar maganinsa, wanda ake sha sau ɗaya a rana, a hannu.

"Likita, azumi ya matso," in ji shi. "Yanzu da sahur zan riƙa sha, ko da buɗa-baki?"

"Malam Ilyasu, wanne ne bai taɓa wuce ka ba?"

Ya ƙyalƙyale da dariya. "Sahur kam barci na cinye mini shi. Amma buɗa-baki? Ko a tsakiyar hanya nike, sai na tsaya."

"To, mun tsaida buɗa-baki."

Ya sa robar a aljihun gaba, ba ɓoyo. A ɗaya hannun kuwa leda ce, da ƴan takalman jariri sababbi fil a ciki. Ban san ko na wa ba ne, ɗa ko jika. Na dai ga yana tafiya irin ta wanda ake jira a gida.