Ni Na Hana Ƙanena Yin Saranda

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Na daɗe ina bin labaran mutane a wannan shafi, ina cewa a raina wasu dai ba su da ta ido, sai ga shi yau ni ne na kawo nawa. Ba zan faɗi suna ba. Wanda ya san kasuwar Kazaure ya gane ni, to ya gane ɗin, ba abin da ya rage da zan ɓoye.

A lokacin da abin ya faru ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, ɗan gidan fawa, kuma ɗan dambe gaba da baya. Kakanmu ya yi, Babanmu ma ya yi har ya bar haƙoransa a fage. Da sassafe muna mayanka, da rana muna kan tebur muna sayar da nama, in kaka ta yi kuwa sai mu naɗe hannu da zare mu bi garuruwa, yau Roni, gobe Gwiwa, jibi Babura. Ban yi sunan da makaɗa za su wasa ni ba, amma bakina ya fi hannuna kaifi, shi ya sa samari suke taruwa a kaina. Ƙanena da ke bi na, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ya gaji hannun Baba a wuƙa. In ya kama fiɗar akuya ba ya huda fata, har masu sayen fata sukan ware tasa daban. Ba shi da yawan magana, kuma tun yana ƙarami duk abin da Yaya ya faɗa ya zauna.

Akwai wani abu a dambenmu na gado da ban gane darajarsa ba sai da na yi ɓarna. A wurinmu, da zarar hannunka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa an yi kisa, wasa ya ƙare. Ba mai taɓa wanda ya faɗi, manya ma tuni sun shigo tsakani. Saboda haka ɗan dambe bai taɓa buƙatar buɗe baki ya ce ya gaji ba, ƙasa ce take faɗa a madadinsa, ya tashi ya kakkaɓe da mutuncinsa. Haka muka girma, an koya mana naushi, an koya mana kariya, amma ba a taɓa koya mana cewa na bari ba, don babu inda za mu yi amfani da ita.

Sai damben keji ya shigo mana ta waya da gidajen kallo. Wannan da ake rufe mutum biyu cikin raga, su haɗa naushi da shuri da kokawa, in ɗaya ya faɗi a bi shi ƙasa a ci gaba. Ya shiga ran samari ba kaɗan ba, ni kuwa ya fi shiga nawa. Nan da nan atisayenmu ya sauya. Da muna gudu mu hau dutse, mu daki buhun yashi, mu yi kokawa a rairayi wani babba yana tsaye a kanmu da sanda. Yanzu muka bar duk wannan muka ce ƙauyanci ne. Na sami wani kango a bayan gari, na shimfiɗa tsofaffin katifu a kan siminti, na naɗa kaina koci. Ilimin nawa ma nawa ne? Abin da na kalla jiya a waya shi zan koyar yau. Samari suka riƙa zuwa a kan babura daga Roni da Gwiwa, kowa da wayarsa a hannu, don rabin atisayen ma ɗaukar bidiyo ne a ɗora duniya ta gani.

Baba ya ji labari ya kira ni. Ya tambaye ni wa ya koya mini wannan wasa, na ce waya. Ya ce to in abu ya ɓaci wayar ce za ta shigo ta raba? Ya ce shi dai bai yarda da wasan da ake bin wanda ya faɗi har ƙasa ba, in kuwa masu shi sun yarda a bi, to lallai suna da wata ƙofar fita da ban sani ba, in neme ta tukuna. Na durƙusa na ce to Baba, na fito ina dariya a ciki, ina cewa zamani ya wuce tsoho.

Abin takaicin shi ne na san ƙofar. Na gan ta da idona sau ba adadi. In an shaƙe mutum ko an murɗe masa hannu, sai ya bubbuga ƙasa ko jikin abokin karawarsa da tafin hannu, alamar ya yi saranda, nan take a sake shi. Manyan zakarunsu ma suna yi. Amma ni jinin fage ya hana ni ganin hikimar abin, sai na ɗauke shi ragwanci. Wata rana na shaƙe wani saurayi ɗan Gwiwa, ya bubbuga katifa, na sake shi na miƙe na tara jama'a. Na ce ku zo ku ga mai tafi, an ce gaɗa muke yi a nan, a samo masa zane da ɗankwali. Aka yi ta ƙyaƙyata dariya, ƙanena na tsaye yana ji. Na kafa doka cewa a kangona namiji ba ya tafi. Ɗan Gwiwa ya hau babur ɗinsa bai sake dawowa ba, kuma duk cikinmu shi kaɗai ne mai hankali.

Ranar da ƙaddarar ta sauka, bayan la'asar ne, wasu baƙi sun zo daga Babura ganin abin da ake ta ba su labari. Na so in burge su da wani sabon kamu da na kalla, wanda ake maƙale hannun mutum tsakanin cinyoyi, a kwanta baya a bankare gwiwar hannun. Na kira ƙanena don shi ne ba ya yi mini musu. Na kayar da shi, na kama hannunsa na dama, na fara ja. Wayoyi duk sun yo kanmu, ana ta ihu ana zuga ni. Wallahi, Edita, a raina jira nake ya bubbuga in sake shi. Ka ji wauta, ina jiran alamar da ni da bakina na haramta. Na dube shi ya cije leɓe, gumi na zuba, amma bai bubbuga ba. Na ce ashe bai ji ba tukuna, na ƙara bankarewa. Sai na ji wata ƙara a jikina kafin kunnena. Ni mahauci ne, na san ƙarar da gaɓa take yi in an raba ta, kullum ina jin ta a kan tebur.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Tsoron Baba ya sa na ɗora ƙarya a kan ɓarna. Na roƙi ƙanena mu ce daga babur ya faɗo, ya gyaɗa kai. Maimakon asibiti, inda za a yi ta tambaya, na kai shi wurin wani mai ɗori a wani ƙauye wajen Roni, aka ja hannun aka ɗaure da karare. Hannu ya kumbura, yatsu suka daina ji, ni kuwa ina ta cewa ya yi haƙuri haka ɗori yake. Kafin a kai shi babban asibiti a Kano an makara. Likita ya ce ba karaya ce kaɗai ba, gaɓar ta goce kuma jijiya ta lalace, da an zo da wuri da an ceci wani abu. Hannun ya warke a tanƙware, yatsun ba sa damƙar ko cokali da kyau.

Ƙaryar ma ba ta yi nisa ba. Bidiyon ya bi wayoyi har wani mai sayen nama ya nuna wa Baba a bakin tebur, yana yaba ƙarfin ɗansa, bai san ƙanin ne a ƙasa ba. Masu ihun nan da suka zuga ni kuwa ko ɗaya bai taka gidanmu dubiya ba, sun koma wani kangon wurin wani kocin irina. Na zaci Baba zai dake ni ko ya kore ni, kuma da ya yi hakan da na fi samun sauƙi. Sai ya shiga ɗaki ya ɗauko wuƙar fiɗar ƙanena ya miƙo mini. Ya ce tunda na karɓe hannun, in haɗa da wuƙar. Har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, wani ya jiƙe. Ina nan da hannuwana lafiya lau ina cin abinci da sana'ar gidanmu. Shi kuwa yana zaune a rumfar cajin waya, yana karɓa yana miƙawa da hagu, yana ba mutane haƙuri kan hagun. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, har yau Yaya yake ce mini, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Da matarsa ta haihu, ni ya kira in feɗe ragon suna. Yana tsaye a kaina yana kallo, sai ga shi na huda fatar. Ya yi murmushi ya ce in sassauta wuƙar, in bi da babban yatsa. A nan na kasa daurewa, na yi masa tambayar da na daɗe ina gudu, na ce me ya hana shi bubbugawa ranar nan. Ya ce ai ya ɗaga hannun hagu zai buga, sai ya tuna ɗan Gwiwa da yadda na sa aka yi masa dariya. Ya ce a lokacin ya ga gara hannun ya karye da Yayansa ya kira shi mai tafi a gaban baƙi.

Ban rubuto don in zagi damben keji ba. Masu shi sun san abinsu, suna da malamai da alƙalai da likitoci, kuma abu na farko da suke koya wa ɗalibi shi ne yadda zai ce a sake shi. Mu ne muka ɗauko kamun muka bar ƙofar fita, muka haɗa wasan wasu da girman kanmu, ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne. Samarinmu da ke taruwa a kangaye, ku nemi wanda ya koya a hannun malami, ba wanda ya kalla jiya a waya ba. In an ji ciwo a tafi asibiti a ranar, komai faɗan da za a sha a gida. Kai kuma da ake kira koci ko Yaya, ka san wa ke tsaye yana jin ka in kana yi wa wani dariya. Wanda ya fi ganin girmanka shi ne zai riƙe maganarka har ta karya shi. Wuƙar ƙanena tana nan a wurina, ina wasa ta, amma ban taɓa iya yin fiɗa da ita ba.